Farfesa Ya Ci Akwatin Baban Nanret

Idan ka hau bene na uku a gidanmu na Al-Sadd a Doha ka tarar da wani gajeren mutum mai sanƙo zaune a kan bokitin fenti da aka kife, gilashi a ƙarshen hanci, kwamfuta a kan cinya, yana yi wa allo faɗa kamar ɗan da ya haifa, to ka ga Rufus. Mu a gidan Baban Nanret muke ce masa. Ni ne Masahudu, ɗan Jos, mai kai wa mutane abinci a babur. Na bar sakandare a aji biyar saboda ni da lissafi mun kasa fahimtar juna, aka rabu ba tare da an kai ƙara ba. Gadonmu ɗaya da shi, irin mai hawa biyun nan, ni a sama shi a ƙasa. Na san minsharinsa, na san addu'arsa, na kuma san wani ɗan tari da yake yi, ƙyam-ƙyam, duk lokacin da zai ce "tabbas". Ku riƙe tarin nan, zai dawo.

An haife shi a wani ƙauye kusa da Mangu. Mahaifinsa mai wa'azi ne a ƙaramin coci, kawunsa kuwa ya ƙare rayuwarsa a shagon cacar pul yana cike takarda yana jiran ranar da canjaras zai mai da shi attajiri. Rufus ya tashi yana jin haushin kawun nan. Ni da na ɗauka saboda zunubi ne. Sai ya ce mini a'a, saboda rashin tsari ne.

"Mutum ya yi shekara talatin yana asara, bai taɓa zama ya binciki dalili ba? Wannan ai lalaci ne, Masahudu."

Ya koyi gyaran rediyo a kasuwar Taminus, ya yi kwalejin fasaha, ya koma gyaran injinan asibiti. Aikin nan ne ya kawo shi Doha tun 'yarsa Nanret tana firamare. Kuma gaskiya a nan ba a ja da shi. Injin awon jini idan ya ga Rufus ya shigo da akwatin kayan aiki, da kansa yake daina wasa. Matsalarsa ɗaya ce: yana ganin duk duniya inji ce, wanda ya kwance ta ya ga wayoyinta zai san abin da za ta yi gobe.

Bayan gasar cin kofin duniya da aka yi a garin nan, zazzaɓin ƙwallo ya kama shi ta wata hanya dabam da yadda yake kama mutane. Mu muna ihu, shi yana tara lambobi. Ya kwaso sakamakon gasar Ingila na shekaru da yawa ya zuba a kwamfuta: wa ya ci, nawa da nawa, a gida ko a waje, an yi ruwa ko ba a yi ba, wa ya busa usur. Ya haɗa wani tsarin lissafi da zai dubi duk wannan ya faɗi wanda zai ci wasan gaba. Ya raɗa masa suna Farfesa. Burinsa shi ne idan ya je hutu Jos, inda shagunan yin fare a kan ƙwallo suke buɗe a kowane lungu, ya saki Farfesa a kansu ya rama wa kawunsa.

Wata Juma'a, shi ya dawo daga coci ni na dawo daga masallaci, don a Doha Juma'a ta kowa ce, ya kira ni.

"Zo ka ga gwajin baya."

"Menene kuma gwajin baya?"

"Za mu koma wasannin da aka riga aka buga. Zan ɓoye wa Farfesa sakamakon, in ba shi sauran bayanai, ya faɗi wanda zai ci. Sai mu buɗe mu gani ko ya dace."

"Wato za ka tambaye shi abin da ya riga ya faru."

"Shi ne kimiyya."

"Baban Nanret, ni ma idan ka tambaye ni abin da na ci jiya zan faɗa maka, ba kuma sai ka sa ni a caji ba."

Ya dube ni ta saman gilashi ya ce in je in nemi aikin yi.

Da farko Farfesa rabi yake ci, rabi ya faɗi, kamar ni a makaranta. Duk inda ya faɗi, sai Rufus ya ƙara masa doka. Idan ana ruwa kuma mai tsaron gida ya manyanta, a rage. Idan koci sabo ne amma ba sabo sosai ba, a ƙara. Dokoki suka yi yawa har kwamfutar ta fara huci. Sannan ya ƙirƙiro gurbin da ya fi alfahari da shi, wanda ya kira "halin ƙungiya". Ya zauna makonni da abin ji a kunne yana sauraren tsofaffin hirarrakin da ake yi da koci a bakin fili bayan an tashi wasa, irin waɗanda mutum yake magana yana share gumi. Idan koci ya ce yarana sun gaji, ko an ji mana rauni, ko alƙalin wasa ya cuce mu, Rufus ya rage wa ƙungiyar maki a wasan nan. Idan ya ce yau yarana sun nuna zuciya, ya ƙara mata.

Ranar da ya sake gwajin baya da wannan gurbi, Farfesa ya ci tara cikin goma. Rufus ya tashi daga kan bokiti ya taka rawar garinsu a tsakiyar falo, singileti da gajeren wando, har ɗan Filifin ɗin da ke ƙasanmu ya bugo silin da tsintsiya.

To, sai ina za a gwada shi da gaske? A ƙasar nan caca laifi ce, wanda aka kama ko kafil ɗinsa, wato ubangidan aiki, ba zai tsaya masa ba, sai dai ya ga kansa a jirgi. Rufus kuma matsoraci ne a gaban doka, ko titi ba ya tsallakawa sai fitila ta ba shi izini.

A nan ne kilo ya shigo. Wanda bai taɓa zaman ƙasar waje ba bari in yi masa bayani. A Doha kuɗi iri biyu ne, akwai riyal, akwai kilo. Mai tafiya gida hutu jirgi yana ba shi akwati biyu, kowanne kilo ashirin da uku. Da an ji tikitinka ya fito, sai ka ga ka yi dangi. Mutumin da bai taɓa amsa gaisuwarka ba zai tare ka a bakin lif yana tambayar lafiyar mama. Kowa yana da ɗan saƙo, kuma ɗan saƙon nan ba ya taɓa zama ɗan. A tsakaninmu akwai abin da muke kira kilon mutunci, ɗaya ko biyu da matafiyi yake ware wa na kusa. Abin da ya wuce haka sai da roƙo, ko abinci, ko a yi maka alkawarin ramawa.

Hutun Rufus ya faɗo a Disamba, kuma akwatinsa ɗaya ya riga ya yi mai shi. Nanret ta gama koyon ɗinki, za a yaye ta kafin Kirsimeti. Uban ya saya mata keken ɗinki na lantarki, mai nauyi, wanda da kwalinsa da komai ya kusa cinye kilo ashirin da ukun nan. Ya nuna mata shi a waya, ta yi ihu har muka ji daga kicin. Kwalin yana ƙarƙashin gadonmu, kullum da safe sai ya jawo shi ya share ƙura ya mayar. Ɗaya akwatin kuma na kayansa ne da tsarabar matarsa Kezia.

Wadda ta fara kawo maganar ita ce Anti Victoria, ƙanwar Kezia, nas ce a nan, tana zaune a Ain Khaled. Takan zo mana da Juma'a da kular gwate. Da yake ƙanwar mata ce, tsakaninta da Rufus wasa ne, ba ta raga masa ko kaɗan.

"Mijina, wai na ji ka yi sabuwar amarya mai suna Farfesa?"

"Vicky, ba ki san lissafi ba, ki yi shiru."

"In ka yarda da ita, sa kilo. Ta faɗi wanda zai ci. In ta dace, zan ɗaukar maka kilo biyu ran da zan tafi. In ta faɗi, ka ɗaukar mini biyu."

Na ukunmu a gidan shi ne Bawah, ɗan Zongon Kumasi, dattijo, mai gadi a wani babban kanti. Ya ajiye cokali.

"Massa Rufus, wannan caca ne."

"Ina kuɗi a ciki, Alhaji?"

"Caca ne ya sa kaftani ya zo gaisuwa. Ni ba ruwana."

Ba ruwansa, amma da yake shi ne mai sikelin gidan, irin mai ƙugiyar nan da ake rataya akwati, kuma shi kaɗai kowa ya yarda da shi, sai ya ce zai riƙe shari'a don kada a yi faɗa a gidan da yake salla. Ya yi tambaya guda.

"In an yi canjaras fa, na wa?"

Rufus ya yi ƙyam-ƙyam. "Na ba su canjaras kyauta. Farfesa ba ya buƙatarsa. Tabbas."

Ni ma na sa kilo biyu. Bawah ya harare ni. Na ce masa dabino ne da turaren wuta zan aika wa Innata, kuma ban taɓa jin an hana mutum kyautata wa mahaifiyarsa ba. Ya ce in ci gaba, za mu haɗu a gaba.

Da Asabar ta matso, Rufus ya zauna zai ba Farfesa bayanan wasannin da za a buga. Komai ya cika sai gurbin halin ƙungiya. Wasan ba a buga ba, don haka ba kocin da ya tsaya a bakin fili yana share gumi. Ya sosa sanƙo. Can ya ce ba matsala, ai ana hira da su kafin wasa ma. Muka saurara tare. Na farko ya ce sun shirya tsaf. Na biyu, wanda zai kara da shi, ya ce su ba su taɓa shiri irin na wannan mako ba. Duk wanda aka miƙa wa makirfo, yaransa zakuna ne. Rufus ya ba kowa maki cikakke, ya ɗan ƙara wa wanda ya fi ɗaga murya.

Da yammacin Asabar muka zauna gaban talabijin da shayin karak. Farfesa ya faɗi wasa uku. Ya ci ɗaya, ya sha ƙasa a ɗaya, na ukun aka yi canjaras.

"Wasa uku ba ya nuna komai," in ji Rufus. "Lissafi yana son yawa."

Abin da ya yi washegari shi ne ya fi ba ni dariya, kuma haka ya riƙa yi kowane mako. Ya saurari abin da kocin da aka lallasa ya faɗa bayan wasa, wai yaransa sun gaji da tafiya. Ya shigar da shi. Ya sake tambayar Farfesa wasan na jiya. Farfesa ya faɗi sakamakon daidai, har da yawan ƙwallaye.

"Ka gani! Ya sani! Masahudu, zo ka gani, ya san haka za a yi!"

"To me ya hana shi faɗa jiya?"

"Bayanai ne ba su cika ba."

"Baban Nanret, wannan Farfesan naka irin mutanen nan ne da suke zuwa ta'aziyya su ce dama sun ga alama."

Ya jefe ni da silifa.

Labari ya bazu a cocinsu cewa akwai wani mutum a Al-Sadd da yake rabon kilo. Mutanen da ban taɓa gani ba suka fara hawo mana bene ranar Asabar, kowa da ɗan lemo a hannu. Wani mai gyaran esi ɗan Kafanchan ya ci kilo huɗu. Wata 'yar kwaya, mai waƙa a cocin, ta ci uku, ita da ba ta san bambancin kwana da fenariti ba. Ni na ci nawa biyun na koma gefe, don ni mutum ne mai wadatar zuci idan Bawah yana kallona. Farfesa yakan dace wani lokaci, ba zan yi masa ƙarya ba, amma duk sa'ad da ya dace sai Rufus ya ninka abin da zai sa a wasa na gaba. Kafin watan Nuwamba ya raba, Bawah ya sanar cewa akwatin farko ya tafi gaba ɗaya. Babu wurin rigar Rufus, babu wurin atamfar Kezia.

"Massa, ka tsaya haka," in ji Bawah. "Saura na yarinya."

"Yanzu ne lissafin zai juyo, Alhaji. Ba zai yiwu a ci gaba da faɗuwa ba."

Daga nan Anti Victoria ta canja salo. Ta daina wasa, ta ce daga yau duk kilon da Rufus zai sa, da ita zai sa, ba da baƙi ba. Mai gyaran esi ya so ya yi gardama, ta yi masa kallon da take yi wa majinyacin da ya ƙi shan magani, ya koma ya zauna. Ta ci biyar. Ta ci shida. Rufus ya daina jawo kwalin da safe.

Asabar ta ƙarshe kafin tafiyarsa, ya sa duk abin da ya rage a wasa guda, a kan cewa in ya ci, ta mayar masa da duk abin da ta karɓa. Wasan na ƙungiyar da yake mutuwar so ne. Ba zan faɗi sunanta ba, magoya bayanta da yawa suna fama da hawan jini. Farfesa ya ce za ta ci.

"Ka tabbata, mijina?"

Ƙyam-ƙyam. "Tabbas."

"Yalla, mu je," in ji ta.

Suna gaba da ci ɗaya har aka shiga ƙarin lokaci. Rufus ya riga ya miƙe, ya fara ɗaga kafaɗa zai shiga rawar garinsu. Aka bugo kwana, ƙwallo ta bugi gwiwar wani, ta bugi bayan wani, ta gangara cikin raga a hankali kamar ba ta so. Ɗaya da ɗaya. Canjaras ɗin da ya bayar kyauta.

Ba wanda ya yi dariya, har ni. Bawah ya ce, "Khalas, shi ke nan," a hankali, ya tashi ya yi alwala.

Washegari da la'asar na tarar da shi a Corniche, zaune yana kallon jiragen katakon nan da suke ɗaure a bakin ruwa. Na ajiye babur na zauna kusa da shi, abincin wani Balarabe yana hucewa a akwatin bayana.

"Ka biya kuɗin ƙarin kaya mana," na ce.

"Ya kusa kuɗin keken. Albashin kuma na tura na biki."

"Kago fa, ka tura shi daban?"

"Sai bayan sabuwar shekara zai isa. An gama yaye."

Ya cire gilashi ya goge da gefen riga.

"Ranar da ta shiga sakandare ina nan. Ranar da aka yi mata baftisma ina nan, a waya na kalla, hoton ma yana tsayawa. Wannan ne kaɗai abin da na ce zan kawo da hannuna in ajiye a gabanta. Ta gaya wa ƙawayenta. Har sunan shago ta zaɓa."

Ni ba gwanin irin wannan wuri ba ne. Na ce zan mayar masa da kilona biyu. Ya ce biyu ba za su ɗauki ko fedar keken ba. Can sai ya buga goshinsa da tafin hannu har wata mata mai gudun motsa jiki ta waiwayo.

"Masahudu! Hirar bayan wasa!"

"Me ta yi?"

"Wanda aka ci ne yake kawo uzuri. Wanda ya ci ne yake yabon yaransa. Ni na ɗauki uzurin na ba Farfesa, sannan na ce ya faɗi wa aka ci. Amsa na riƙa ba shi kafin jarrabawa! Tara cikin goman nan, ni na rubuta masa a tafin hannu."

"Wato ɗan satar amsa ne."

"Ni na sata masa." Ya mayar da gilashi. Na ga idonsa ya fara wannan ƙyallin da na sani. "Amma in aka cire gurbin nan, aka sake gwajin a kan shekarun da bai taɓa gani ba..."

"Baban Nanret, don girman Allah."

Ranar ɗaure kaya falonmu ya koma kasuwa. Kowa ya kawo abin da ya ci. Mai gyaran esi ya kawo injin markaɗe. 'Yar kwaya ta kawo takalma ƙafa shida da wani agogon bango. Bawah yana tsaye da sikeli, yana ratayawa yana karantawa, wanda ya wuce ko da rabin kilo ne a buɗe a rage. Akwatin farko ya cika sai da na hau kansa aka ja zif. Na biyu yana buɗe, wayam, yana jiran Anti Victoria. Kwalin keken yana gefe, Rufus ya ƙi kallonsa.

Ta shigo ba jaka ba leda, waya kawai a hannu. Ta jingina ta da kular shayi ta juyo da ita. Fuskar Mama Kezia ce ta cika allon, ɗaure da kallabi, daga tsakar gidansu a Jos.

"Baban Nanret, sannu da lissafi."

Rufus ya nemi bokitinsa ya zauna.

"Tun ranar da Vicky ta gaya mini ka fara sa kilo na san inda za a ƙare. Na ce mata ta bar baƙi su ci na tufafi, wannan kai ka jawo. Amma na yarinya ta tattara shi kaf kafin wani ya taɓa."

"Ta yaya kika san za ta ci? Ba ki ma kallon ƙwallo."

"Ƙwallon me? Kai nake kallo. Shekara ashirin da biyu nake wannan gwajin bayan da kake faɗa. Ranar aurenmu ka ce tabbas ba za a yi ruwa ba, a jiƙe aka ɗauke mu hoto. Ka ce tabbas dankali zai yi tsada, muka ci dankali har na daina son ganinsa. Ka ce tabbas namiji zan haifa, ga Nanret nan. Idan ka ce wataƙila, sau da yawa kana dacewa. Amma idan ka yi tarin nan naka sannan ka ce tabbas, sai in ɗauko lema. Shi kaɗai na gaya wa Vicky: ta jira tari."

Na faɗi daga hannun kujera don dariya. Bawah ya juya baya yana gyara sikelin da ba abin da ya same shi, kafaɗunsa suna rawa. Rufus kuwa ya matso kusa da wayar, ya gyara gilashi.

"Kezia, cikin goma sau nawa yake dacewa? Kin tara bayanan?"

"Ka ji mutumin nan! Vicky, gaya masa sharaɗi."

Anti Victoria ta naɗe hannu. "Kilona ashirin da uku ne, nawa ne, Alhaji shaida. Zan ba keken wuri. Amma Farfesa ba zai hau jirgi ba. Kwamfutar tana wurina har ka dawo. Ba za ka je Jos ka shiga shagon fare da ita ba."

"Vicky, na gano kuskuren. In na cire gurbi guda..."

"Keke ko Farfesa, mijina. Zaɓi amarya ɗaya."

Daga bayan Mama Kezia wata murya ta ce, "Baba, ina wuni? Kana zuwa da shi ko?" Ba ta san komai ba, wucewa take da bokitin ruwa.

Rufus ya dubi kwamfutar da ke kan cinyarsa. Ya rufe ta a hankali, ya naɗe wayar cajin yadda yake naɗe ta asibiti, ya miƙa wa Victoria da hannu biyu. Sannan ya durƙusa ya jawo kwalin ya share saman da tafin hannu.

"Ina zuwa da shi, Mamana," ya ce. Bai yi tari ba. Na saurara da kyau.

Bawah ya rataya akwatin, ya karanta, ya ce ya wuce da kaɗan. Aka cire takardun bayanin keken da wani kwali na ciki, allura ta dawo daidai.

Ni na raka shi filin jirgi a tasi. Da yake babu inda zai sa tufafinsa, jakar hannu kuma ta cika da magungunan surukarsa, sai ya sa abin da zai iya a jiki: riga uku, wando biyu, kwat a sama. Yana tafiya hannu a buɗe kamar wanda aka yi wa allura a hammata biyu. Ma'aikaciyar da ke auna kaya ta dube shi ta tambaya ko ƙasar da zai je akwai ƙanƙara. Ya ce mata Jos ce, ba ta san Jos ba. Bai motsa daga wurin ba sai da ya ga akwatin keken ya shige bayan labulen roba.

Bayan Kirsimeti aka turo hoto. Ga Nanret zaune gaban keken, ga uban a tsaye a bayanta cikin sabuwar riga ta atamfa. Ita ce ɗinkin farko da aka yi a kansa, don mutumin ya isa gida ba kayan biki. Ta yi masa daidai, har da aljihun biro biyu. Na nuna wa Bawah, ya daɗe yana kallo, ya ce Allah ya yi wa yarinya albarka.

Farfesa yana Ain Khaled a ƙarƙashin gadon Anti Victoria, ta ce ta ɗora masa buhun shinkafa don kada ya gudu. Shekaranjiya saƙon murya ya shigo mini daga Jos, ina tsaye a danja da biryanin wani a bayana.

"Masahudu, ya aiki? Ka ji, na yi tunani sosai a nan. Gurbin nan ne kawai. In na dawo zan cire shi, in raba shekarun biyu, rabi na koyo rabi na jarrabawa. Wannan karon..." Ƙyam-ƙyam. "Tabbas."

Na saurara sau biyu don kada in zalunce shi. Tarin yana nan. Danja tana ba da hannu na kira Anti Victoria, na ce hutunsa na baɗi ta taimaka ta sa sunana a gaba, Innata ta ce dabinon ya yi daɗi, tana son bargo.